Muhawara: Inda ruwa ya nufa, a addinin gargajiyar Ket da Selkup

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya da muke zancen kogin Yenisei na yi alkawarin kawo bayani a kan abin da mutanen bakin wannan kogi suka yi imani da shi kafin Rashawa su iso musu. Ga shi na cika, kuma ina roƙon masana su gyara mini duk inda na karkace.

Ƙabilu biyu nake nufi, dukansu a Saberiya. Ta farko ita ce Ket, masunta kuma mafarauta da ke zaune a tsakiyar Yenisei, a ƙauyuka irin su Kellog da Sulomai da Maduika. Ƙidayar Rasha ta 2010 ta same su mutum 1,219, ta 2021 kuwa 1,088, kuma harshensu shi kaɗai ya rage a cikin danginsa, domin 'yan uwansa irin su Kott da Arin da Yug duk sun mutu. Ta biyu ita ce Selkup, waɗanda aka ƙidaya su 3,649 a 2010, sun kasu biyu: na kudu a yankin Narim na lardin Tomsk, a bakin kogin Ob da rassansa, na arewa kuma a kogunan Taz da Turuhan. Harsunan biyu ba su haɗa komai ba ta wajen asali, amma maƙwabtaka da auratayya sun sa imaninsu ya yi kama ƙwarai.

Abin da nake son kafawa shi ne, wanda duk yake son gane addinin mutanen nan sai ya fara duba inda ruwa ya nufa. Manyan kogunansu daga kudu suke tasowa, su gangara arewa, su faɗa tekun ƙanƙara. Saboda haka a wurinsu kudu ce mafarin rai, arewa kuma masaukin matattu. Mutanen Ket suna da ubangijin sama mai suna Es, kuma suna cewa yana da mata, Hosedam, wadda ta bar shi ta koma wurin wata, shi kuwa ya jefo ta ƙasa. Jarumin nan Alba ya yi ta korar ta yana bin ta gangaren kogi, har ya tsaga duwatsu da ƙarfinsa ya buɗe wa Yenisei hanya, ita kuma ta ƙare a can ƙurewar arewa, inda take zaune tana cin kurwar mutane tana aiko da cuta. A ɗaya ƙarshen, a kudu, akwai Tomam, wadda idan ƙanƙara ta fara narkewa sai ta tsaya a kan dutse ta kaɗa hannun rigarta, gashin da ya zubo ya zama dinya da agwagwa da sauran tsuntsayen da ke tashi zuwa arewa. Ku tuna cewa mutanen da suka kwashe wata bakwai ko fiye cikin sanyi, abincin da suka tanada ya ƙare, zuwan tsuntsayen nan shi ne bambancin rayuwa da mutuwa a gare su.

Selkup ma haka suka shimfiɗa tasu duniyar. Ubangijin samansu Nom ne, mugun ƙarƙashin ƙasa kuwa Kizi. A mafarin kogin duniya akwai wata tsohuwa da suke kira Ilinta Kota, wato tsohuwar rai, wadda ke riƙe da rayukan 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, tana aiko su duniya a kan hasken rana na safe. Wanda ya mutu kuwa sai ya bi ruwa ya gangara zuwa tekun matattu. Ke nan rayuwar mutum kanta tafiya ce daga kan kogi zuwa bakinsa.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sani. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar kurwa da ka zaɓa, domin da na karanta cewa Hosedam tana cin kurwar mutane, ban ga kowa ba sai mayya. Ina yarinya a ƙauyenmu, kafin a kai ni birni aure, na ga an tara mutane a kan wata yarinya da ta kwanta tana sambatu tana kiran sunan wata tsohuwa, aka ce an kama kurwarta, aka matsa wa tsohuwar sai ta zo ta tsallaka ta. Ban kawo wannan don na yarda da shi ba, kuma har yau ina tausayin tsohuwar nan, amma tunanin cewa ciwo yana samuwa ne idan wani abu na cikin mutum ya fita aka riƙe shi a wani wuri, ashe ba mu kaɗai muka taɓa yinsa ba. Tambayata ita ce, idan Hosedam ta kama kurwa, wa ake matsa wa? Ita dai ba maƙwabciya ba ce balle a kamo ta a sa ta tsallake.

Ustaz Nura:
Allah ya gafarta Malam, tare da girmamawa gare ka da Hajiya, ina ganin ya kamata a faɗi abu da sunansa tun daga farko. Abin da ake bayyanawa shirka ce tsagwaronta, kuma ina tsoron kada yawan kwatanta shi da abubuwan gida ya sa wani mai raunin fahimta ya ɗauka ana ƙawata shi ne. Idan za a ci gaba, a riƙa bambanta ba da labari da yabo.

Dakta Ilyasu:
Ustaz, gargaɗinka ya karɓu, kuma babu wanda ya zo nan neman addini. Sai dai malamanmu na da ba su ji tsoron irin wannan ilimi ba: Ibnul Kalbi ya rubuta sunayen gumakan Larabawa da wuraren da aka kafa su, Albiruni kuma ya zauna ya koyi harshen Indiyawa don ya faɗi abin da suka yi imani da shi daidai yadda suke faɗinsa. A kan wannan turba muke.

Hajiya, tambayarki ita ce ƙofar maganar gaba ɗaya. Ba a matsa wa kowa. Aikawa ake yi. Wanda ake aikawa shi ne mutumin da littattafai ke kira shaman, Ket suna ce masa sening, Selkup kuma tetipi. A wurin Ket mutum yana da kurwa bakwai, babbarsu ita ce ulvei, kalmar da ake fassarawa da ruwa da iska. Idan ulvei ta ɓace mutum sai ya kwanta, aikin sening kuwa shi ne ya bi sawunta, ya gano inda take, ya ƙwato ta ya dawo da ita.

A nan ne nake ƙin mu yi saurin cewa ai wannan bori ne. A bori iska ce ke zuwa ta hau mutum, shi ya sa ake ce masa doki, mace kuma goɗiya, kuma idan an hau shi ba shi ke magana ba. A Saberiya kuwa mutumin ne mahayi, abin hawansa kuma ganga. Lokacin da nake karatu a Rasha na taɓa tsayawa gaban irin wannan ganga a gidan tarihi na Kunstkamera da ke San Pitasbag. Ba irin gangarmu mai fuska biyu ba ce, ta fi kama da bandiri, sai dai ta fi shi girma sosai: fatar barewar ƙanƙara a fuska ɗaya, an yi mata zane, ta ciki kuma ga mariƙi da ƙananan ƙarafa masu kaɗawa. Na daɗe ina kallonta ina tunanin cewa wanda ya mallake ta bai taɓa ɗaukarta kayan kiɗa ba.

Georgi Prokofiyev, wanda shi da matarsa Yekaterina suka koyar a makarantar Yanov Stan a tsakanin Selkup na arewa daga 1925 zuwa 1928, ya bayyana bikin da ake yi na rayar da sabuwar ganga. Kwana goma ake yi, a daidai lokacin da tsuntsaye ke dawowa daga kudu. Gangar ba ta da amfani sai an raya barewar da aka yi ta da fatarta, don haka sai shaman ya bi rayuwar dabbar a cikin waƙa tun daga inda aka haife ta, ya tattaro duk abin da ya faɗi daga jikinta, haka kuma sassaƙen itacen da aka yi kewayen gangar da shi ba a barin ko ɗaya ya ɓata. Idan barewar ta rayu sai ya hau ta ya nufi kudu, ƙasar da suke cewa rana bakwai ke haskawa kuma dutse ya taɓo sama, yana gumi saboda zafin wurin. Wasu masana suna ganin wannan tunawa ce da duwatsun Sayan na kudancin Saberiya, inda ake jin kakanninsu suka fito. Abin ya ba ni dariya da na fara karanta shi: mu da muke addu'ar Allah ya sanyaya, muke kiran abin alheri sanyin ido, ga mutanen da ƙasar albarkarsu ita ce wadda ake gumi a cikinta.

Malam Issufu (Maraɗi):
Dakta, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ina ganin ka ja layin da kauri fiye da yadda yake. Ni a cikin Arna na tashi, ko da yake gidanmu na malamai ne, kuma na ga yadda mutum ke shiga bori. Ba ya wayar gari ya ce yana so. Ciwo ne ke kama shi wanda ya ƙi jin magani, ko ya riƙa fita hayyacinsa, har a ce iskoki ne ke nemansa, sannan a yi masa girka, a keɓe shi kwanaki ana ba shi magunguna ana yi masa kiɗa, ya fito ya zama wanda zai taimaki wasu. To abin da na karanta game da shaman na Saberiya ai shi ke nan: yakan fito daga gidan da aka gaji abin, yana saurayi sai wani hali mai kama da taɓin hankali ya same shi, ya riƙa kaɗaita yana waƙa, kuma ba ya samun lafiya sai ya karɓi kiran. Ko wa ke hawan wa, hanyar shiga ɗaya ce, kuma a wurare biyun babu abin da ke tafiya sai da kiɗa, mu garaya da goge da ƙwarya, su ganga. Ina ganin idan mutumin Kellog ya zauna a wurin girka ba zai rasa gane abin da ake yi ba.

Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne kalmar boka ba ta dace ba, domin boka a wurinmu mai saiwa ne da ɓawo, kuma kalmar ta riga ta ɗauki wari a bakin mutane.

Dakta Ilyasu:
Malam Issufu, a kan hanyar shiga ka yi gaskiya, na sallama. Har ma zan ƙara maka hujja: shaman ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana da iskokin da ke taimakonsa, Selkup suna kiransu losi, kuma yakan kira su su taru kafin ya tashi, har ya kwaikwayi muryoyinsu. Amma ina nan a kan bakana game da abin da jama'a ke jira daga gare shi. A dandalin bori ana jiran baƙo ya sauka ya yi magana. A cikin bukkar Selkup ana jiran ɗan aike ya dawo ya ba da labarin hanya, kogin da ya bi, wanda ya tare shi, da abin da aka nema kafin a saki kurwar. Shi ya sa addininsu ya cika da taswira.

Game da boka kuwa, Ket da kansu sun raba biyu. Ban da sening mai hulɗa da sama akwai bangos, wanda aikinsa ya shafi ƙasa da dare da magunguna, shi ne ya fi kusa da bokanmu. Su ma sening ɗin iri-iri ne gwargwadon abin da ke jagorantarsu, akwai na barewa, wanda ke sa hular ƙarfe mai ƙaho, akwai na beyar, wato ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da farata, akwai na gaggafa, kuma dukansu suna danganta sana'arsu ga Doh, wanda suke ɗauka shi ne babban shaman na farko. Selkup ma suna da mai yin aikinsa da wuta a kunne da kuma mai yinsa cikin bukka mai duhu.

Zainab:
Malam Sanusi, ina da tambaya biyu idan an ba ni dama. Na duba taswira na ga akwai kogi mai suna Ket a lardin Tomsk, shin a can ne asalin mutanen Ket? Ta biyu kuma ita ce ta fi damuna. Duk abin da ake faɗa a nan wasu baƙi ne suka rubuta shi, kuma bayan Rashawa sun daɗe a ƙasar. Ta yaya za mu tabbata cewa Es da Nom, wato ubangiji ɗaya a sama, sannan wani mugu daban a ƙasa, ba hoton koyarwar coci ba ne da ya shiga bakin mutanen kafin masu bincike su iso?

Malam Sanusi:
Zainab, Allah ya yi miki albarka, tambaya ta biyu ta malamai ce. Ta farko dai amsarta gajeriya ce: mutanen da ke bakin kogin Ket na lardin Tomsk Selkup ne, sunan ƙabilar Ket kuwa daga kalmarsu ta mutum ya fito. Rashawa ma sun daɗe cikin irin wannan ruɗani, domin da sunan Ostiyak suke kiran Ket da Selkup da Hanti gaba ɗaya, sai a shekarun 1930 aka tsayar da sunayen da muke amfani da su yanzu.

A kan ta biyu, ga yadda lissafin yake. Rashawa sun kafa garin Narim a ƙarshen ƙarni na 16, a lokacin da suke karya ƙungiyar Selkup da suka kira Pegaya Orda, ƙarƙashin shugabanta Vonya. Suka kafa Mangazeya a 1601, Turuhansk a 1607, Yeniseisk a 1619, suka ɗora wa mutanen harajin fatu da ake kira yasak. A wannan zamanin ne wani ɓangare na Selkup ya yi ƙaura zuwa Taz. A ƙarni na 18 aka yi musu baftisma jama'a-jama'a, suka karɓi sunayen Rashawa. Masu bincike kuwa daga baya suka zo: Kastren ɗan Finlan a shekarun 1840, Anucin a tsakanin Ket daga 1905 zuwa 1908, Kai Donner daga 1911, Alekseyenko kuma bayan yaƙin duniya na biyu. Ke nan akwai tazarar shekara ɗari biyu zuwa uku, kuma ba za a ce babu abin da ya tsallaka ba. An san cewa Waliyyi Nikolas ya samu karɓuwa ƙwarai a Saberiya, har hotonsa ya zauna a gidaje kusa da kayan gargajiya ba tare da masu gidan sun ga wani saɓani ba.

Duk da haka ina da dalilai biyu da suka sa nake ganin Es da Nom sun girmi zuwan coci. Na farko, kalmomin kansu: es a harshen Ket tana nufin sama kuma tana shiga zancen yanayi, haka nom a harshen Selkup, kuma Nenets, 'yan uwan Selkup ta wajen harshe da ke can arewa, suna da Num. Kalmar da dangin harsuna suka yi tarayya a kanta ba limamin coci ne ya kawo ta ba. Na biyu, halin Es bai yi kama da abin da coci ke koyarwa ba. Yana can nesa a saman sammai bakwai, ba ya shiga hidimar yau da kullum, kuma mutum ba ya kai masa kukan ciwon ɗansa. Wannan ya fi kama da abin da aka rubuta game da Maguzawa, waɗanda ba su musun Allah amma yankansu na iskoki ne.

Ustaz Nura:
Na gode Malam, wannan bayanin ya kwantar mini da hankali, kuma ya ba ni abin da zan ƙara. Wasu marubuta suna son su ce duk al'ummar da ke da ubangijin sama to tana da ɓurɓushin tauhidi. Amma ubangijin da yake da mata, matar ta bar shi ta bi wata, ya yi fushi ya jefo ta, ai an siffanta shi da siffar magidanci ne kawai. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai fassara irin wannan zuwa Hausa ya bar Es a Es, Nom a Nom, kada ya sa sunan Allah a wurin, domin yin haka zalunci ne ga aƙidarmu kuma ƙarya ce a kan tasu.

Hajiya Rabi:
Nura ɗana, a kan wannan kam ina bayanka. Amma ku maza kun tafi sama kun bar gida. Shaman ba kullum ake kiransa ba, Es kuma kun ce ba ya sauraron kukan ciwon yaro. To matar da ke cikin bukka da jariri a tsakiyar hunturu, mijinta ya tafi farauta, wa take kira?

Dakta Ilyasu:
Hajiya, kin kamo inda addinin ya fi daɗewa. Abu na farko wutar murhu ce, wadda Ket ke ɗauka uwa ce: ana ba ta ɗan abinci, ba a zuba mata shara, ba a tsokanarta da abu mai kaifi. Na biyu su ne alel, ƙananan 'yan tsana na itace da ba su wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba, masu siffar tsofaffin mata, an ɗinka musu tufafi na ƙyalle da fata an sa musu duwatsun ado. Aikinsu gadin gida ne da dare, musamman yara, daga mugayen abubuwan da Hosedam ke aikowa. Ana ciyar da su, ana sabunta musu tufafi, ba a nuna su ga baƙo, kuma auta ne ke gadonsu, domin shi ke zama da iyaye bayan yayyensa sun fita. Akwai kuma dangols, siffar da ake yi wa wani mamaci na gida don ya ci gaba da zama da iyalinsa.

Sai kuma beyar, wanda ban san yadda zan sa shi a layin gida ko na daji ba, domin a wurin Ket shi duka biyun ne. Sun yi imani cewa beyar ɗan uwa ne da ya mutu ya dawo cikin wannan siffa, kuma idan maharbi ya same shi, to shi ne ya ga dama ya zo ziyara. Kaka suke ce masa. Bayan an kashe shi sai a yanke dagin hannunsa, a jefa sama ana tambaya: kai wane ne, kakana wane ne, ko gwaggona wance? Idan dagin ya faɗi tafinsa na kallon sama amsa ta zama e, idan ya kife ta zama a'a, haka za a yi ta jefawa har a dace da sunan. Sannan a tambaye shi kwana nawa yake so ya yi. A zana siffarsa a kan ɓawon itace, a ajiye shi a wuri mai daraja, a sa masa abinci, a ci namansa cikin ladabi, ƙasusuwan kuma ba a farfasa su ba a ba karnuka, tattara su ake yi a mayar daji domin ya sake rayuwa. Ku dubi halin da maharbin yake ciki: yunwa ta sa dole ya ci naman, imani kuma ya ce kakansa ne, sai ya warware matsalar da karɓar baƙo.

Malam Issufu (Maraɗi):
Alel ɗin nan sun tuna mini da kan gida, abin da kowane gida na Arna yake da shi ya gada daga kakanni, ko da yake namu ba 'yar tsana ba ce. Amma Malam Sanusi, ranka ya daɗe, labarin beyar ya ɓata maka lissafi. Ka ce rai tafiya ce daga kan kogi zuwa bakinsa, mamaci ya gangara arewa. Ga shi kuwa mamaci ya fito daga daji da ƙafa huɗu ya shigo gida ya kwana uku. Ruwan da ya gangara ai ba ya dawowa. Ina ganin kogin ya bayyana rabin abin ne kawai, ɗaya rabin na daji ne da farauta, kuma mutanen ba su damu su daidaita biyun ba, mu ne masu son komai ya hau layi ɗaya.

Malam Sanusi:
Malam Issufu, ka kama ni, amma ba duka ba. Ruwa ba ya dawowa, gaskiya ne, sai dai tsuntsaye suna dawowa, kuma a kan hanyar kogin suke bi. A wurin Ket ulvei ba ta mutuwa: takan yi zamanta a wata duniyar, ta shiga dabba, daga baya ta dawo cikin jaririn da aka haifa a dangin. Hosedam ma ba ta iya riƙe abin da ta haɗiye har abada. Saboda haka ban janye kogin ba, amma na yarda da na ce tafiya ce mai zuwa ɗaya na yi kuskure.

Inda ka fi ni gaskiya shi ne cewa ba su damu da daidaitawa ba, kuma Ica na Selkup shi ne shaida. Wani lokaci ɗan Nom ne mai yaƙi da Kizi, wani lokaci kuma maraya ne da ke zaune da kakarsa, mai wayo da ƙarya da tsokana, wanda da Bahaushe ya ji labarinsa zai ce Gizo ne ya sa rigar fata. A cikin labaran Selkup na kudu da Donner ya rubuta, inda ake kiransa Itte, ya yi yaƙi da wani dodo mai cin mutane, Punegusse, ya kashe shi ya ƙone gawar, sai tokar ta tashi ta zama sauro, wanda har yau yake shan jinin mutane. Wanda ya san yadda sauro ke rufe dazukan Ob idan ƙanƙara ta narke zai gane cewa ba wasa suke yi ba. Haka kuma dangin Selkup na arewa sun kasu gida biyu, na Gaggafa da na wani tsuntsu mai fasa ƙwallon 'ya'yan itace, kowane gida yana aure daga ɗayan, kuma kowanne yana da nasa kogin a duniyar iskoki da shamansa ke bi.

Zainab:
Na gode Malam, na gamsu da hujjar kalmomin. Dakta, duk bayanin nan da siffar abin da ya wuce ake yinsa a wasu wurare, a wasu kuma kamar yana nan. Wanne ne ya rage?

Dakta Ilyasu:
Ƙanwata, abin da ya fito fili shi ya fara tafiya. Baftisma ba ta kashe shaman ba, domin limamin coci yana zuwa ne sau ɗaya a shekara ya koma. Gwamnatin Sobiyet ce ta yi wannan aikin a shekarun 1930: aka ɗauki shaman maƙiyin jama'a, aka ƙwace ganguna, wasu aka kama masu su, aka tara mafarauta a ƙauyuka ƙarƙashin gandun gwamnati, yara kuma aka kai su makarantun kwana inda Rashanci kaɗai ake ji. Selkup na kudu sun fi shan wahala, domin Narim wurin da ake kai waɗanda aka kora ne, kuma a waɗannan shekarun an zuba dubban manoman da aka raba da gonakinsu a ƙasarsu har suka zama 'yan tsiraru a bakin kogunansu. Na Taz da ke nesa sun fi riƙe harshe da al'ada. A wajen Ket, kafin ƙarshen ƙarni na 20 babu sauran sening na gaske, masu jin harshen sosai a yau kuwa ba su wuce 'yan gomomi ba, kusan dukansu tsofaffi, duk da sunan da harshen ya yi tun da Edward Vajda ya kawo hujjojinsa a 2008 cewa yana da dangantaka da harsunan Na-Dene na Amurka ta Arewa, irin su Nabaho.

Ganga tana da ƙara, ana jinta daga nesa, don haka ba ta ɓoyuwa. Alel kuwa tana shiga cikin akwati ƙarƙashin tufafi, kuma dama can ba a nuna ta ga baƙo, jami'in gwamnati kuwa baƙo ne. Masu binciken da suka je ƙauyukan Ket a farkon wannan ƙarnin sun tarar da gidajen da har yanzu suke ajiye da nasu, kuma mafarauta ba su daina jefa dagin beyar ba.

Hajiya Rabi:
Dakta, to ka ga abin da nake nufi da na ce kun bar gida. Amma akwai abin da ya rage mini. Ka ce kaka ake tambaya da suna har dagin ya amsa, kuma ka ce masu jin harshen sun kusa ƙarewa. Ke nan jikan da ya harbi beyar a bana da Rashanci zai tambaye shi ko shi wane ne, kuma sunan da zai kira ma sunan baftisma ne, Ivan ko Nikolai. Malam Sanusi, idan za ka kawo mana na Nenets da ka ambata, ka fara da matan da abin da suke ajiyewa a cikin kayansu, sannan ka hau sama.